Yadda Ake Cin Bikin Kifin Argungu a Ƙafa

Duk lokacin da hotunan bikin kamun kifi na Argungu suka zagaya wayoyin mutane, tambayoyi iri ɗaya ake yi mini: yaushe ake zuwa, ina ake kwana, nawa mutum zai tanada, kuma da gaske za a iya haɗa bikin da hutun yawon ƙafa? Za a iya. A ganina ma ta haka ne bikin yake ciyuwa. Wanda ya sauka daga mota da hantsin ranar ƙarshe, ya ga dubban masunta sun auka cikin kogin Matan Fada, ya ɗauki hoto ya juya, sa'a ɗaya ya gani daga cikin kwana huɗu, kuma galibi biredi da lemon kwalba ne a cikinsa. Abincin bikin yana bakin fadama, yana gindin murhun mata masu banda, yana lungunan da mota ba ta shiga. Ƙafa ce ke kai mutum can. Ga yadda ake yi, daki-daki.

1. Tabbatar da rana kafin ka kashe sisi

Bikin ba shi da tsayayyar rana, kuma ba kowace shekara ake yin sa ba. An yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020, daga 11 zuwa 14 ga Maris. Bayan nan ya sake tsayawa, sai a Fabrairun 2026. A 2006 kuwa an hana shiga ruwa saboda kogin ya ja baya sosai. Don haka kada ka dogara da "ai a Fabrairu ake yi". Jira sanarwar gwamnatin Jihar Kabi da ta masarautar Argungu, ka ji ta a rediyo ko ka gan ta a jarida, sannan ka kira wani mazaunin garin ya tabbatar maka ana shiri.

Yawanci kwana huɗu ne, a fara Laraba a rufe Asabar da babban kamu. Ka tsara isa ranar Litinin ko Talata da rana. Kwana ɗaya ko biyun nan da ka riga jama'a su ne za su ba ka garin yana cikin natsuwarsa, farashi bai haukace ba, masu sana'a suna da lokacin amsa gaisuwa.

Gargaɗi: dubi kalandar Musulunci. Azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma na 2027 zai kama cikin Fabrairu. Wannan yana iya sa a matsar da bikin gaba ko baya. Kada ka biya kuɗin jirgi ko na ɗaki wanda ba a mayarwa sai rana ta tabbata.

2. Masauki ɗaya, fita da dawowa

Wasu suna zana tafiyar a kai kamar ta fatake: su tashi daga Birnin Kabi a ƙasa, su kwana ƙauye-ƙauye har su shiga Argungu. Ban ba ka wannan shawarar ba a halin da ake ciki. A Nuwamban 2024 'yan Lakurawa sun kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, aka rasa rayuka. Baƙon da ba a san shi ba, yana ratsa daji da jaka a baya, yana jefa kansa cikin haɗari biyu: na miyagu, da na zargin mutanen gari da 'yan sa-kai waɗanda ke da dalilin yin zargi.

Tsarin da ya dace shi ne ka yi masauki ɗaya a cikin Argungu, kowace safiya ka fita zagaye na kilomita 5 zuwa 10, ka dawo kafin rana ta take. Ba ka rasa komai ba. Gari, kasuwa, fadama da bakin kogi duk suna kusa da juna, kuma jakarka ba za ta yi nauyi ba tunda kayanka na ɗaki.

Ku tafi ku biyu zuwa huɗu. Mutum ɗaya ba shi da mai taimako in ƙafa ta gurɗe, mutum goma kuwa ba sa shiga rumfar mai kifi ba tare da sun hana ta ciniki ba.

3. Shirya ƙafa tun daga gida

Fara mako huɗu kafin tafiya. Makon farko ka riƙa yin rabin sa'a kullum bayan sallar asuba, ka ƙara kaɗan-kaɗan har ka iya yin sa'a biyu a jere ba ka galabaita ba. Matsakaicin mai tafiya yana cin kusan kilomita 4 a sa'a a kan ƙasa mai tauri. A cikin rairayi ko taɓon fadama lissafin yana raguwa, don haka kilomita 8 a can ka ba shi sa'a uku.

Yi wannan atisayen da takalmin da za ka je da shi. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne sayen sabon kambas ana gobe tafiya. Rana ta biyu bororo ya fito a diddige, sauran kwanakin a bayan babur za a ƙare su.

Sai allura. Lokacin bikin shi ne lokacin sanƙarau a wannan yanki, ga ƙura ga cunkoso. In ba ka yi rigakafinsa ba, ka je asibiti aƙalla mako biyu kafin tafiya. Mai hawan jini, mai ciwon sukari ko mai asma ya ga likitansa, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da rarar kwana uku.

4. Abin da za ka ɗauka

Kambas wanda ƙafa ta saba da shi, da silifa na alwala da zaman masauki. Safa ƙafa huɗu ko biyar, domin jiƙaƙƙiyar safa ita ce uwar bororo. Riguna marasa nauyi masu dogon hannu, da rigar sanyi ɗaya, saboda asubar hunturu a bakin ruwa tana cizo duk da cewa da rana zafi yana haura digiri 35. Malfa ko laima. Takunkumi ko rawani na tare ƙura. Man kaɗanya na leɓe da diddige. Gorar ruwa biyu masu cin lita ɗaya da rabi kowace. Filasta, maganin ciwon kai, ƙullin gishiri da sukari na kemis. Gidan sauro, domin garin yana bakin fadama. Tocila, batirin ajiya na cajin waya, katin shaidar ɗan ƙasa, ƙaramin sabulu, da ɗan kwano mai murfi na zuba kifi.

Kwanon nan kada ka raina shi. Kifi mai zafi a cikin baƙar leda yana gumi, ya yi laushi, ya ɗauki warin leda kafin ka sami inuwar zama.

Mata su ɗauki hijabi mara nauyi wanda ba ya jan ƙasa, su sa wando a ƙarƙashin zane ko doguwar riga, saboda tsallake magudanan ruwa a fadama.

5. Lissafin kuɗi

Farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka ka yi lissafinka da waya a makon da za ka tashi. Kira tasha ka ji kuɗin mota zuwa da dawowa. Kira masauki biyu ko uku ka ji kuɗin ɗaki na makon biki, ka jaddada "na makon biki", domin ba ɗaya yake da na sauran ranaku ba. Tambayi ɗan gari nawa ake cin tuwo da miyar kifi a ƙoshi, ka ninka sau uku a rana, ka ƙara rabin wannan a kai saboda tashin farashi da ɗanɗane-ɗanɗane.

Rabon da nake ba mutane shawara: cikin kowace naira ɗari, 35 na mota, 25 na masauki, 20 na ci da sha, 10 na ɗan rakiya da ƴan kyaututtuka, 10 ajiya wadda ba a taɓawa sai larura. Kuɗin tsaraba ka ware shi daban, in ba haka ba kwandon banda zai cinye kuɗin motar komawa.

Gargaɗi: riƙe tsabar kuɗi, kuma ƙananan takardu. A ranakun cunkoso layin waya yana cushewa, tura kuɗi ya maƙale, masu POS su ƙara caji ko kuɗinsu ya ƙare. Mai soya kifi ba za ta tsaya jiran saƙon banki ba alhali mai yana ƙonewa. Raba kuɗin gida uku: aljihun gaba, cikin jaka, da masauki.

6. Hanya da wurin kwana

Daga Birnin Kabi zuwa Argungu kusan kilomita 50 ne, daga Sakkwato kusan 100. Mai zuwa ta sama yana iya sauka a filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kabi ko na Sultan Abubakar III a Sakkwato. Mai zuwa ta ƙasa daga Kano ko Zariya zai bi ta Gusau da Sakkwato, na Abuja ya bi ta Kontagora, Yawuri da Jega. Na Dosso da Gaya a Nijar su shigo ta Kamba, bayan sun tabbatar da halin da iyaka take ciki. Ko ta ina ka biyo, ka yi sammako ka sauka da rana. Ba a tafiyar dare a waɗannan hanyoyin.

Ɗakunan haya a Argungu ba su da yawa, kuma tawagogin gwamnati da manyan baƙi ne ke fara kwashe su. Da zarar an sanar da rana ka kama naka. In bai samu ba, nemi mai masauki ta hanyar dangi, abokin aiki ko abokin kasuwanci. Wannan ma ya fi otal, domin gidan da ka sauka su ne za su gaya maka wace mai banda ce ta iya, wace hanya ce ruwa ya cinye. Ka je musu da abin hannu, ka kuma sa hannu a cefane ba sai an tambaya ba.

Kwana a Birnin Kabi ana zuwa kullum shi ne zaɓi na ƙarshe. Yana yiwuwa, amma zai cinye maka asuba, wadda ita ce lokacin tafiya.

Batun sallah: wanda ya zo daga nesa ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ƙasaru. Tunda wannan tsarin ya kai haka, tambayi malaminka kafin ka tashi.

7. Safiyar farko: cikin gari

Fita bayan asuba, ka sha koko ko kunu da ƙosai kaɗan a bakin hanya. Kada ka cika ciki. Nufi wajen fadar Sarkin Kabin Argungu, daga nan gidan tarihi na Kanta, wanda shi ne tsohuwar fada har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Akwai makamai, tambura da kayan kamun kifi na gargajiya. Ka dubi homa, wato komar hannu ta kamun kifi, da gora da kyau a nan, domin ranar kamu ba za ka sami sukunin ganinsu kusa ba. A harabar akwai kaburburan sarakuna, don haka a shiga da ladabi, a tambaya kafin a ɗaga waya.

Daga nan ka gangara kasuwa, ɓangaren 'yan kifi. Yau ba saye ka zo yi ba, ido ka zo buɗewa. Tambayi farashin kashi, farashin kwando, sunan kowane kifi. Wannan farashin na ranar Talata shi ne ma'auninka na ranar Asabar. Ka dawo masauki kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Kilomita 5 ko 6 sun isa a ranar farko.

8. Safiya ta biyu: fadama da bakin kogi

Wannan ita ce tafiyar da ta sa na ce a zo a ƙafa. A watan Fabrairu tudu ya bushe ƙurmus, amma fadamar Argungu kore take shar da shinkafar rani, injinan ban-ruwa suna ta kuka tun da duhu-duhu. Shinkafar da za a tuƙa maka tuwo da rana daga irin waɗannan fangulan take fitowa, kuma ita ce ta jawo babban kamfanin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a garin a 2017.

Kada ka shiga fadama kai kaɗai. Mai masaukinka ya haɗa ka da ɗan rakiya, manomi ko masunci wanda aka sani. Ku yi jinga tun daren jiya: ina za a je, ƙarfe nawa za a dawo, nawa za ka ba shi. In hanya za ta ratsa wani ƙauye, a fara da ƙofar mai gari a yi gaisuwa. Minti biyar ne, amma daga nan kai baƙon mai gari ne, kowa ya san da zuwanka.

Ka taka inda ɗan rakiya ya taka. A bi kan iyakar fangali, ba a ratsa cikin shuka, ba a taka mesar ban-ruwa. Ka ga tumatir ko albasa sun ba ka sha'awa, yi sallama ka saya, kada ka tsinka. Ko an ba ka kyauta ma ka wanke kafin ka kai baki, domin ana feshin magani. Ruwa kuwa ka riƙa kurɓa kowane minti ashirin ko ba ka ji ƙishi ba. Iskar hunturu tana busar da gumi tun kafin ka gan shi, sai mutum ya zaci bai rasa ruwa ba. In fitsarinka ya yi ja, ko kai ya fara sarawa, nemi inuwa ka haɗa ruwan gishiri da sukari. In babu na kemis: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Gargaɗi: kada ka cire takalmi ka shiga ruwan fadama ko kududdufi don sanyaya ƙafa. Ta fata ake ɗaukar tsargiya, kuma ba a ganin alamarta sai bayan makonni. Alwala ma ka yi da ruwan gorarka.

Gargaɗi na biyu: in tafiya ta kai ga tsallaka ruwa a kwalekwale, ƙirga mutanen da ke ciki da idonka. In an cika shi, jira na gaba. Haɗarin jirgin ruwa na Warra a Mayun 2021, wanda ya ci mutane masu yawa a wannan jihar, lodi fiye da ƙima na cikin abin da ya jawo shi.

A hanyar dawowa ka roƙi ɗan rakiya ya bi da kai ta wajen masu banda. Hayaƙi zai nuna maka wurin tun daga nesa. Yi sallama, ka gaida babbar cikinsu: "Inna, sannu da aiki, ya hayaƙi?" Ka tsaya gefe, kada ka tare iska ko hanyar itace. Ka sayi ko ɗan kaɗan ne kafin ka fara tambayoyi, kuma kada ka ɗauki hoton mace sai ta yarda da bakinta. A nan ne za ka yi alkawarin bandar da za ka tafi da ita gida, bayaninta yana mataki na 11.

9. Yadda ake cin kifin

Mutane suna zuwa da sunan giwan ruwa kawai a baki, alhali kogin ya fi haka arziki. Kowane kifi da irin girkin da yake so.

Giwan ruwa namansa fari ne, mai tauri, ƙayarsa manya ce mai sauƙin cirewa. Shi ya fi dacewa da gashi da farfesu, kuma shi za ka ba yaro ko tsoho. Tarwaɗa tana da maiƙo, ba ta da ɓawo, ita ce sarauniyar banda da miya. In ka sami miyar kuka ko ta yakuwa da aka yi da bandar tarwaɗa a kan tuwon shinkafa, ka zauna ka ci a natse, domin abincin garin ke nan na asali. Ƙarfasa suya take so, a tsaga gefenta, a soya ta ƙarau, a barbaɗa yaji. Ƙurungu romonsa yana da daɗi ƙwarai, sai dai ɗanyensa yana da ƙayoyi masu tsini a baya da gefe, kada ka damƙe shi da hannu kamar sauran. Tsage da bargi suna da ƙananan ƙayoyi birjik, a ci su da rana, da hannu, ba a cikin duhu ana hira ba.

Tsarin ci yana bin tsarin tafiya. Kafin fita, abu mai ruwa-ruwa kaɗan. Bayan dawowa, fura da nono. Da azahar, babban abinci, tuwo da miyar kifi, sannan a kwanta har la'asar. Da yamma a sake fita gajeren zagaye zuwa filin baje kolin amfanin gona, inda ake ganin shinkafa, albasa, gero da dabbobin da ƙananan hukumomi suka kawo gasa, a rufe da gasasshen kifi bayan magariba. Wanda ya ɗora soyayyen kifi a kan cikinsa da sassafe ya shiga rana, ƙishi da ƙwarnafi za su raka shi har ya dawo.

Wajen zaɓen rumfa, bi inda 'yan gari suka yi layi. Layi yana nufin kifin ba ya kwana a faranti. Dubi man suya: in ya yi baƙi yana kumfa, wuce gaba. Ka ce a soya maka ko a gasa maka a gabanka, ka karɓa da zafinsa. Wanda aka jera tun hantsi, ƙuda da ƙura sun riga ka ci. In ɗanye za ka zaɓa a gasa maka, idonsa ya zama garau ba hazo-hazo ba, ƙarƙashin kumatunsa ja wur, in ka danna namansa da yatsa ya dawo.

Tambayi kuɗi kafin kifi ya shiga mai. Bayan ya soyu babu sauran ciniki. A yi tayi cikin mutunci, in ta ce albarka ka ƙara, in ba ku daidaita ba ka yi godiya ka wuce. Matan nan da wannan makon suke fitar da kuɗin da za su daɗe suna juyawa, bai kamata baƙo ya matse su a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba.

Gargaɗi: fura da zoɓo da kunun aya duk lafiyarsu tana ga ruwan da aka dama su da shi da ƙanƙarar da aka jefa. Ka sa a dama maka fura da ruwanka, ka ce ban da ƙanƙara. Kuma kada ka ɗanɗana sabon abu biyar a rana ɗaya. Ciki ɗaya gare ka, kwana huɗu kuma za ka yi.

10. Kabanci da ranar kamu

Kafin babbar rana akwai wasannin ruwa na Kabawa da ake kira Kabanci: tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Ga kokawa da dambe da kaɗe-kaɗe da dare. Waɗannan na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016. Ranar Kabanci ka rage tafiya, ka yi amfani da ita wajen nazarin bakin kogi: ina ne tudu, ina ne inuwa, ta ina ake shiga, ta ina za ka fita in an cushe. Juma'a tana faɗowa cikin kwanakin, ka tafi masallaci da wuri a ƙafa, domin hanyoyi suna toshewa.

Ranar Asabar ka karya da wuri, ka cika gorunanka, ka bar jaka da yawancin kuɗi a masauki. Nan ne mai ƙafa yake cin riba, motoci suna tsaye cikin cunkoso kai kana wucewa. Isa bakin Matan Fada tun da sanyin safiya ka kama wuri a kan tudu. Jira yana da tsawo, domin ba a farawa sai manyan baƙi sun zauna, Sarkin Ruwa, mai kula da kogin, ya gama nasa na al'ada. Wannan yanki na kogin a rufe yake ga masunta sauran shekara, shi ya sa kifin yake girma. Kifin da ya zo na ɗaya a gasar 2020 ya kai kilo 78.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagorar: kada ka tsaya tsakanin sahun masunta da ruwa. Da an ba da alama dubban mutane ne ke rugowa a guje, kowa da homa a hannu da ƙatuwar gora, ba mai iya tsayawa don kai. Zafi da dogon jira kuma suna iya sa sahu ya ɓalle kafin lokaci. Tsaya a gefe, a sama. Yaro ya kasance a hannunka, da lambar wayarka a rubuce cikin aljihunsa. Ku sa wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, wata bishiya ko wani gini da kowa ya gani, saboda waya ba za ta shiga ba. Wayar ma a riƙe ta da kyau, 'yan sane ba sa fashin irin wannan taro.

Kamun kansa kusan sa'a ɗaya ne. Kada ka ƙare shi kana kallon allon waya. Ɗauki hoto biyu ka mayar aljihu, ka saurari ganguna daga cikin kwalekwale, ka ga yadda mutum ke kwanciya a kan gora yana shawagi, yana nutsa homa.

11. Sayen kifi bayan kamu da ɗaurin tsaraba

Manyan kifaye za a kai su ma'auni gaban manyan baƙi. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, masunta suna fitowa da su a sayar. Kada ka saya a farkon fitowa, lokacin da kowa ke ɗoki. Ɗan jira kaɗan, domin mai ɗanyen kifi a cikin rana ba shi da ƙanƙara, ya fi ka son a gama ciniki. Amma kada jiran ya kai la'asar, kifin zai fara saki. Tafi da ɗan rakiyarka ya taya ka gani, ka tuna farashin da ka ji ranar Talata. Abin da ka saya ka kai shi kai tsaye wurin mai suya ko mai banda, ku yi jingar aikin kafin ta sa wuƙa.

Ɗanyen kifi ba ya tafiya Kano ko Abuja a bayan mota. Banda ce tsaraba, ita ma iri biyu ce. Akwai mai laushi wadda ta sha wuta na ɗan lokaci, ta fi daɗi amma kwana ɗaya zuwa biyu take yi. Akwai wadda ta bushe ƙarau, tana ƙara in ka ƙwanƙwasa, ita ce ke yin makonni. Kifin da aka kama ranar Asabar ba zai bushe haka kafin safiyar Lahadi ba, shi ya sa na ce ka yi alkawarin taka tun ranar fadama, ka ba da kafin alƙalami, ka karɓa ranar tafiya.

Kafin ka biya, karya ɗaya ka duba ciki. In ka ga gari-gari ko ƙananan ƙwari, ta tsufa. In ka ga fari-fari ko kore, funfuna ce. Sannan ka shinshina. Ƙanshin hayaƙi kawai ya kamata ka ji. Wasu 'yan kasuwa suna fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don ya daɗe, in ka ji wari mai kama da na fiya-fiya, ko ka ga tarin kifi a buɗe babu ƙuda ko ɗaya a kusa alhali na maƙwabta yana da su, bar shi komai arharsa.

A ɗaure banda a cikin kwali da takarda, a huda kwalin ta gefe don iska. Leda tana sa ta gumi ta yi funfuna kafin ka isa gida. A mota kada a ɗora mata kaya, kada a ajiye ta kusa da jarkar fetur. Mai komawa ta jirgi ya tambayi kamfanin tun da wuri ko suna karɓa, da irin ɗaurin da suke so. In za ka haɗa da shinkafa 'yar gida, ɗebi tafi ɗaya ka baza a hannu ka duba tsakuwa da danshi, ka sa a auna a gabanka.

Ka bar garin ranar Lahadi da safe maimakon yammacin Asabar, lokacin da kowa ke rububin mota kuma dare zai riske ka a hanya. Da ka isa gida ka buɗe kwalin a ranar, ka baza kifin ya sha iska, ka ɗan ɗora shi a kan garwashi mara ƙarfi. Ka maimaita haka duk bayan kwana uku ko huɗu har ya ƙare.